Yadda Wasiƙun Imel Suka Zama Sana'a

A shekarar 1978 wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika saƙon talla ga mutane kusan 400 da ke kan ARPANET, hanyar sadarwar da intanet ta samo asali daga gare ta. Babu wanda ya nemi saƙon, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya isa gare su sun yi ƙorafi. Shekara bakwai ke nan kacal da Ray Tomlinson ya fara aika imel daga wata kwamfuta zuwa wata, amma har mutane sun soma ɗaukar akwatin saƙonsu tamkar ɗaki, ba a faɗa masa sai da sallama. Shekaru ashirin da suka biyo baya 'yan talla ba su ji wannan kira ba, sai da tarkacen saƙonni suka ishi kowa. A 1999 Seth Godin ya fitar da littafinsa Permission Marketing, inda ya kafe a kan cewa a nemi izinin mutum kafin a tallata masa haja. A 2003 kuma Amurka ta kafa dokar CAN-SPAM, wadda ta wajabta wa mai aika talla ya bai wa mai karɓa hanyar cewa a daina aiko masa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna cewa wannan izini dukiya ne ita ce Dany Levy, tsohuwar ma'aikaciyar mujallar New York. A shekarar 2000 ta soma DailyCandy, gajeriyar wasiƙa da ke zuwa kullum da shawara guda: kantin da ya buɗe, gidan abincin da ya cancanci a gwada, rangwamen da za a yi. Ta fara da adireshin mutane kimanin 700. Salonta na hira ne, kamar ƙawa na tsegunta wa ƙawa, don haka mata suka riƙa tura wa junansu. A 2008 kamfanin Comcast ya saye ta a kan dala miliyan 125. A 2014 aka rufe ta. A ganina darasin DailyCandy yana cikin ƙarshenta kamar yadda yake cikin farkonta, domin babban kamfani na iya sayen jerin sunaye, amma shaƙuwar da ta sa mutane ke buɗe saƙo kowace safiya ba lallai ta bi takardar ciniki ba.

A wancan lokaci hankalin gidajen jarida ya koma kan Facebook da Twitter, ana ganin imel ya tsufa. Duk da haka a 2012 Carly Zakin da Danielle Weisberg suka ajiye aikinsu a sashen labarai na NBC suka kafa theSkimm, wadda ke taƙaita wa mata matasa labaran duniya tun da sassafe.

Labarin da ya fi jan hankalina shi ne na Morning Brew. Alex Lieberman ɗalibi ne a Jami'ar Michigan lokacin da ya lura cewa abokan karatunsa da ke shirin neman aiki a harkar kuɗi ba sa iya karanta jaridun kasuwanci, saboda sun yi musu nauyi. Sai ya fara rubuta musu taƙaitaccen bayani, ya sa masa suna Market Corner. Austin Rief, shi ma ɗalibi, ya haɗu da shi, a 2015 suka sake wa wasiƙar suna zuwa Morning Brew. Ba su da kuɗin talla, don haka suka yi abin da ƙafa da baki za su iya: suna shiga azuzuwa da tarukan ƙungiyoyin ɗalibai, su roƙi 'yan mintoci su yi bayani, sannan su zagaya da takarda kowa ya rubuta adireshinsa da hannunsa. Wanda ya ga fuskarka, ya ji bayaninka, ya ɗauki biro ya rubuta sunansa, da wuya ya share saƙonka bai karanta ba. Daga baya suka mayar da masu karatun 'yan aike: wanda ya kawo mutane kaza a ba shi sitika, wanda ya zarce a ba shi kofi ko riga. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba, amma duk sabon mai karatu ya zo ne ta hannun wanda ya yarda da shi. Karatun kyauta ne, kamfanoni masu talla ke biya. A 2019 suka kai mutum miliyan ɗaya, a watan Oktoba na 2020 kuma Insider, mallakar kamfanin Axel Springer na Jamus, ya sayi kaso mafi tsoka a cinikin da aka ruwaito darajarsa ta kai dala miliyan 75.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi dogara da talla. Ben Thompson, Ba'amurke mazaunin Taiwan a lokacin, ya fara rubuta sharhi kan kamfanonin fasaha a 2013 da sunan Stratechery, a 2014 ya sanya kuɗi, dala 100 a shekara. Lissafin a fili yake: mutum dubu masu biya sun isa su riƙe marubuci guda. Wannan misali ne ya ƙarfafa wa Chris Best da Hamish McKenzie da Jairaj Sethi gwiwa suka kafa Substack a 2017, inda marubuci ke karɓar kuɗi kai tsaye daga masu karatu, kamfanin ya cire kashi 10 cikin 100. Wanda ya fara amfani da shi Bill Bishop ne, mai wasiƙar Sinocism kan al'amuran ƙasar Sin, wanda ya shafe shekaru yana aika ta kyauta kafin ya sanya mata kuɗi.

A watan Janairu na 2018 Facebook ya sauya tsarinsa, ya rage nuna wa mutane labaran gidajen jarida. Waɗanda suka tara mabiya a can suka wayi gari ba su da hanyar isa gare su sai yadda kamfanin ya ga dama. Masu riƙe da adireshin masu karatunsu ba su ji girgizar sosai ba. Kasuwa ta gane haka: a 2021 HubSpot ya sayi wasiƙar The Hustle, Intuit kuma ya sayi Mailchimp, kamfanin aika wasiƙu da Ben Chestnut da Dan Kurzius suka kafa a Atlanta a 2001, a kan kimanin dala biliyan 12.

Su ma manyan shafukan sada zumunta sun gwada sa'arsu a 2021. Twitter ya sayi Revue, Facebook ya buɗe Bulletin, amma kafin farkon 2023 ya wuce duk an rufe su. Marubutan Revue sun samu wa'adi, suka kwashe jerin masu karatunsu suka koma wasu kamfanonin, wasiƙunsu suka ci gaba da isa akwatunan da suka saba isa.