Ladan Direban Babbar Mota da Ma'aunin Adalci: Nazari daga Rimin Gado

Ƙaramar hukumar Rimin Gado, wadda ke yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo, ƙasa ce ta noma mai cunkoson jama'a, inda rabon gado ya tsattsaga gonaki har abin da magidanci ke girbewa ba ya kai shi ƙarshen shekara sai ya haɗa da wata sana'a. Tuƙin babbar mota na cikin sana'o'in da matasan garuruwa irin su Gulu da Karofin Yashi da Yalwan Ɗanziyal ke shiga, galibi ta hanyar zama yaron mota, wato almajirin direba da ke wanki da ɗaurin kaya da gadi na shekaru kafin a damƙa masa sitiyari. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda mutum biyu da suka koyi tuƙi a hannun ubangida ɗaya kan ƙare da samu mai nisan tazara, gwargwadon kayan da suke ɗauka da garin da mai motar yake.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce tsadar rayuwa, kuma tana da gaskiyarta, domin haya da abinci a Legas sun fi na Kano tsada. Gwamnatoci ma sun bi wannan ma'auni bayan dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024, wadda ta tsayar da naira 70,000, inda Kano ta amince da 71,000, Legas kuma 85,000. Sai dai hujjar tana raunana idan aka ɗora ta a kan direba, saboda wanda ya yi lodin hatsi a kasuwar Dawanau zuwa Legas, tafiyar kilomita kusan dubu, yana cin abinci da kwana da gyaran taya ne da farashin garuruwan da ya ratsa, duk da cewa an yanka masa lada da ma'aunin ƙauyen da iyalinsa suke. Haɗarin hanya kuwa, daga lalacewar titi zuwa 'yan fashi da masu karɓar kuɗi a shingaye, bai san garin kowa ba.

Asalin bambancin yana ga ƙarfin ciniki. Direbobin tankar mai suna da reshensu a ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG, wanda ke zama da ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO a kan albashi da alawus, kuma yajin aikinsu na kwana kaɗan ya isa ya tsayar da gidajen mai a faɗin ƙasa. Direban tifa mai jidar yashi, ko na motar kanta da ke kwashe amfanin gona daga kasuwannin ƙauye, yana aiki ne bisa yarjejeniyar baka, ana biyansa a kan sawu, wato kowace tafiya da ya kammala, ko kuma ya kawo wa mai mota balas, ya riƙe abin da ya rage bayan gas da kamasho. Dokar albashin kanta ta tsame wuraren aiki masu ma'aikata ƙasa da 25 da kuma waɗanda ake biya bisa kamasho ko yawan aiki, wanda hakan ke nufin mafi yawan direbobin karkara suna wajen inuwarta tun daga rubutunta. Abin lura ne cewa a 1975 Nijeriya ta kafa asusun daidaita farashin mai, wanda aka rushe a 2021, domin kada nisa daga teku ya cutar da mai saye a Arewa, amma ba a yi irin wannan tanadi ga mutumin da ke jan kayan ba.

Mafi nauyin zaluncin da ke cikin biyan sawu shi ne kwanakin jira, waɗanda ba sa shiga lissafi. Direba kan shafe kwanaki a tasha yana jiran layi, ko a Kudu yana neman lodin dawowa, ko a gefen titi yana gadin motar da ta lalace, yana ci daga kuɗin hanyar da aka ƙiyasta masa na tafiya lafiya. Wanda aka biya haka dole ya rama asarar da gudu da tuƙin dare da ƙarin lodi, kuma a nan ne maganar lada ta zama maganar rayukan sauran masu bin titi. Wannan alaƙa ce ta sa Ostireliya ta kafa hukumar tsayar da ladan direbobi a 2012, ko da yake an rushe ta a 2016 bayan ƙorafin masu mota ɗaya-ɗaya cewa ta ɗora musu nauyi, ƙorafin da mai motar kanta guda a Rimin Gado, wanda farashin gas da kayan gyara suka riga suka matse, zai iya maimaitawa da gaskiyarsa.

Saboda haka albashin bai-ɗaya daga Abuja ba zai yi aiki a nan ba. Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW na yankin da masu motoci da dillalan hatsi su amince da mafi ƙarancin ladan kowace hanya, a rubuta shi a takardar lodi tare da kuɗin kowace ranar jira, sannan a sanya shi cikin kuɗin dakon da mai kaya ke biya, tun da shi ne ke cin ribar tazarar farashi tsakanin Dawanau da kasuwannin Kudu. Rabon yaron mota ma ya kamata ya fito a wannan takarda.