'YAN CI-RANI DA MASU SHEKARA: LABARIN HANYAR KURMI

Wanda ya fita Sakkwato ta kudu, kamar mil 15 zai tarad da Boɗinga, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Gwandu. Kusa da ita ga Sifawa, inda Shehu Usmanu ya yi shekaru kafin ya shiga Sakkwato a 1815. In ya ƙara gaba sai Shagari, sai Tambuwal, sai Jega. Kowane yaron makaranta ya san labarin sarakuna da malaman da suka bi wannan hanya. Amma akwai waɗansu matafiya da suka fi su yawa nesa, ba wanda ya rubuta sunansu, su ne mu ke so mu tuna yau. Watau talakawan da su kan bar gida bayan kaka su tafi neman kuɗi Kurmi, waɗansu su komo da ruwan fari, waɗansu su shekara.

Ba Turawa suka buɗe hanyan nan ba. Tun zamanin Sarakunan Musulmi na farko fatake ke bin ta zuwa Gwanja. A kan haɗa ayari a Jega, madugu ya shige gaba, a ƙetare Kwara wajen Illo ko Gaya, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Jugu da Yandi har Salaga. Kayan tafiya kanwa ne da baƙin Kano da jar fata da gabu, kayan komowa kuwa goro. Zuwa da komowa su kan ci wata shida, wani lokaci shekara cur, gama ba a fita sai ƙasa ta bushe, kuma kowane gari akwai garamarsa, kowane gulbi akwai kuɗin fitonsa. Da Turawan Ingila suka ci Kumashi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai goro ya fara bin teku zuwa Ikko. Ayari ya ragu, amma hanya ba ta mutu ba, masu binta ne suka sake.

Abu biyu suka haɗu suka sake su. Na ɗaya, Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ba a daɗe ba haraji ya koma na tsabar kuɗi, wuri ya daina aiki, sai sule. Manomin Boɗinga yana da gero a rumbu, amma jakada ba ya karɓar dami. Jirgin ƙasa kuwa, da ya sa gyaɗar Kano ta zama zinariya, bai wuce Ƙauran Namoda ba, can ya tsaya a 1929. Na biyu, a Gwalkwas koko ya yi albarka, har a 1911 ba ƙasar da ta kai ta fitad da shi a duniya. Ga ramin zinariya a Obuasi, ga aikin tashar jiragen ruwa ta Takoradi wadda aka buɗe a 1928. Can ana neman hannu, nan ana neman sule. Kuma Allah da ikonsa, lokacin ɗiban koko, daga Oktoba zuwa Janairu, ya zo daidai da lokacin da manominmu ba shi da abin yi a gona.

To, ku dubi yadda a kan shirya tafiya. Ba a fita sai an ɗaure gero an zuba a rumbu, mai gida ya auna da ido ko zai kai iyali har damina. Sa'an nan ya bar amanar gida hannun uba ko wa, ya je wurin malam a zaɓa masa rana, a yi addu'a. Guzuri ba wani abu ba ne, garin gero ne a burgami, da ƙuli-ƙuli, da gora, da tabarma, da sanda. Ba a tafiya ɗaiɗai. Samarin unguwa guda su kan bi wanda ya taɓa zuwa, shi ya san zango, ya san inda 'yan kwastan na Faransa ke tsare hanya a Dahome da Togo, ya san kuɗin fito a Yelwa in ta ƙasar Yarabawa za a bi. A ƙasa a ke tafiya, fiye da wata guda kafin a ga Kumashi. Wanda guzurinsa ya ƙare a hanya sai ya tsaya ya yi dako ko yankan ciyawa, ya sami na gaba.

Yawan masu tafiya ya wuce yadda a ke zato. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa malamai a mafitai da manyan hanyoyin Lardin Sakkwato suna ƙidaya, suka sami mutum fiye da 250,000, galibinsu 'yan lardin, waɗansu kuma daga ƙasar Faransa ta arewa da mu. Wani Bature masanin ƙasa, Mansell Prothero, shi ya tsara lissafin ya buga shi.

In an isa, zango a ke nufa. Baƙo ya kan sauka gidan mai gida ɗan ƙasarsu, Basakkwace wurin Basakkwace, Bazabarme wurin Bazabarme. Mai gida shi ne uba a can. Shi ke nemo aiki, shi ke ajiyar kuɗi, shi ke zuwa wurin Sarkin Zango in rigima ta tashi, shi ke sa a yi sutura in ajali ya zo. Mutum biyar ko shida su kan haɗu ɗaki guda. Wanda ya saba da tuwon gero da fura sai ya koyi cin dokunu da rogo da ayaba dafaffiya. Ga zazzaɓi, ga ruwan sama da ba ya ƙarewa, ga harshen da ba a ji. Aiki kuwa kowane iri: dako a kasuwa, ɗaukar buhun koko daga gona zuwa ma'auni, haƙar rami, gadi, yankan farce, tallan tsire.

Amma ga abin da mu ke so mai karatu ya lura da shi. Duk zaman nan lissafin komowa ne. Ɗan ci-rani ba ya sayen gado, ba ya gina ɗaki, ba ya cin nama sai ran Salla. Kowane sisi yana da sunansa tun bai shiga aljihu ba: wannan na haraji, wannan na sadaki, wannan na jaki, wannan na turmin atamfar tsohuwa. Idonsa na kan sama. Da ya ga Maris ya wuce sai ya ɗaure akwati, gama wanda ruwan shuka ya riga shi gida ya yi hasarar shekara.

Masu shekara su ne waɗanda lissafi bai cika musu ba, ko kuwa ya cika har ya yi daɗi. Wani ya kan karɓi gonar koko ya lura da ita a kan sharaɗin da Asantawa ke kira abusa, watau a kasa amfani uku, kashi ɗaya nasa. Irin wannan ba ya iya tashi da bazara, sai ya ga ɗiba ta gaba. Sai ya je wurin malamin zango a rubuta masa wasiƙa da ajami, ya haɗa da 'yan sulalla, ya ba mai komowa, ya ce a gaya wa mutanen gida baɗi war haka yana tafe. Nan haɗarin ya ke. Shekara guda gida na iya jurewa, ƙane ya nome gona, uba ya biya haraji. Amma in ta zama biyu, ta zama uku, sai gona ta shiga jingina, mace ta kai ƙara gaban alƙali don rashin ci da sha, a raba aure mai shi bai sani ba. Kunyar komowa hannu wofi ta tsare mutane da yawa a Kurmi har suka tsufa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Waɗanda suka zauna ɗin sun ga abin da ba su zata ba. Gwalkwas ta sami mulkin kai a 1957, ta zama Gana. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fita. Mutanen da suka yi shekara talatin a zango, da 'ya'yansu waɗanda ba su taɓa ganin kuka ba, aka ɗora su a kan manyan motoci da abin da hannu ya iya ɗauka. Wanda bai yanke zumunci ba ya tarad da ɗaki da gona. Wanda ya yanke ya zama baƙo sau biyu.

Duniya kuwa juyi-juyi ce. Da arzikin man fetur ya zo, mutanen Gana suka kwararo Nijeriya neman aiki. Da farashinsa ya faɗi, a watan Janairu na 1983, gwamnatin Nijeriya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, aka kori wajen miliyan guda daga cikinsu. Shugaban ƙasa a lokacin Alhaji Shehu Shagari ne, wanda aka haifa a 1925 a garin nan na bakin hanyar Kurmi. Ba mu faɗi wannan don zargin mamaci ba, sai don a ga yadda ƙasa ta kan mance da cewa jiya 'ya'yanta ne ke kwance a zauren wani.

Har yau samarin Boɗinga da Shagari ba su daina fita ba, sai dai mota ta maye gurbin sanda, waya ta maye gurbin wasiƙa. Muna roƙonsu su riƙe dabarar kakanninsu, su sa ranar komowa tun ba su sa ranar fita ba. Mu kuma na gida, in baƙo ya sauka garinmu da tabarma a kafaɗa, mu tuna da sulen da ya biya harajin kakanninmu da inda aka samo shi. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, amin.