Ranar da Aka Ƙone Majalisar Dokoki a Wagadugu

 Darasin tarihi na yau zai kai mu maƙwabciyarmu, Burkina Faso.

Majalisa ita ce zauren da depitoci suke taruwa su tsara wa ƙasa dokoki. Uwar dokoki duka kuwa ita ce tsarin mulki. A Burkina, aya ta 37 ta tsarin mulki ta hana shugaba ya wuce wa'adi 2. Shugaba Blaise Compaoré yana kan mulki tun 1987, sai ya nemi depitoci su sake ayar don ya zarce.

Aka sa ranar Alhamis, 30 ga Oktoba 2014, don jefa ƙuri'a. Tun da safe dubban mutane suka cika titunan Wagadugu. Suka fi ƙarfin masu gadi, suka kutsa majalisa, suka sa mata wuta. Ba a jefa ƙuri'ar ba. Mutane da dama sun rasa ransu. Kashegari Compaoré ya sauka, ya gudu Kodebuwa, bayan shekara 27 yana mulki.

To, me ya biyo baya?

Na farko, ƙasa ta wayi gari ba shugaba, ba majalisa. Wani hafsan soja, Isaac Zida, ya riƙe mulki. Cikin watan Nuwamba aka naɗa farar hula, Michel Kafando, shugaban riƙo. Aka kafa majalisar riƙo ta mutum 90, waɗanda ba jama'a suka zaɓe su ba.

Na biyu, gardama ta koma kan doka. A Afrilu 2015 aka hana waɗanda suka goyi bayan sake ayar tsayawa takara. Kotun CEDEAO ta ce wannan tauye haƙƙi ne, duk da haka aka hana wasunsu. A Satumba sojan fadar shugaba suka yi juyin mulki, Janar Gilbert Diendéré na gaba. Jama'a da sauran soja suka ƙi, abin ya watse cikin mako guda. A 2019 kotu ta ɗaure Diendéré shekara 20.

Na uku, aka ɗaure aya ta 37 tamau, don kada wani ya sake taɓa ta. Ran 29 ga Nuwamba 2015 aka zaɓi Roch Marc Christian Kaboré. Amma a Janairu 2022 soja suka sauke shi.

Mu ma a Nijar mun ga irin wannan gardama, wadda muke kira Tazarce. A Mayu 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya rushe majalisa. A Agusta ya kira ƙuri'ar raba gardama don ya ƙara shekara 3. Ba a ƙone majalisar Yamai ba, amma ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka karɓe mulki.

Jama'a, ku lura. In mai mulki ya tanƙwara doka don kansa, shi ya tara kara. Wuta kan sauke mutum rana ɗaya, amma ba ta rubuta doka. Gyaran abin da ta ci sai an shekara ana yi. Saboda haka ku dage da karatu, har kowa ya iya karanta dokar ƙasarsa da idonsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.