Sarauniyar Lugu: Wa Ya Ba Mangu Asalinta da Sihirinta?

A hutun Babbar Sallar da ta wuce na yi kwana uku a Bagudo, gidan yayata. 'Yarta ta fari, wadda ke aji biyar na sakandare, ta kamu da son littattafan nan na labarin zane da ake karantawa a waya, har ta fara zana nata a bayan littafin lissafi. Wani dare muna zaune a tsakar gida ta kwashe kusan rabin sa'a tana ba ni tarihin Storm, jarumar kamfanin Marvel da Len Wein da Dave Cockrum suka ƙirƙiro a 1975: uwarta 'yar sarauta ce daga Kenya, kakanninta mata matsafa ne, ita kuma tana juya iska da hadari yadda ta ga dama. Da ta kai aya sai ta ce, “Kawu, mu ba mu da irinta ne?”

Na ce muna da ita, kuma garinsu bai wuce tafiyar yini guda daga inda muke zaune ba, idan masu tsaron iyaka suka bari. Sunanta Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar, kusa da Dogon Dutsi. Ta rayu da gaske, sojojin Faransa sun auka wa garinta a 1899. Sai dai ita ma, kamar Storm, akwai marubucin da ya zauna ya tsara mata ƙuruciya, ya ɗora mata ƙarfin da ya wuce na 'yan Adam. Mangun da yawancinmu muka sani tasa ce. Yana da kyau mu san inda tarihi ya tsaya da inda alƙalami ya ɗauka.

Layin da ya tashi daga Giris

Labarin ya soma ne a ƙasar Bagudo, ko da yake ba kasafai ake faɗin haka ba. A ƙarshen ƙarni na 19 Ingila da Faransa suna ja-in-ja a kan Bargu da gaɓar kogin Kwara. A 1897 Faransawa sun kafa sansani a Busa da Illo, har aka yi fargabar ƙasashen biyu za su gwabza. Ranar 14 ga Yuni 1898 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Paris. Aka raba Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka zama na Ingila. Ma'aunin da aka ɗauka a bakin kogi shi ne mil goma sama da garin Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Iyakar da mutanen Lolo da Tsamiya ke tsallakawa zuwa Benin a yau 'yar wannan takarda ce, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya.

A ɗaya gefen kogin, layin ya bi kwarin Dallol Mawri ya yi arewa har ya haɗu da wata da'ira da aka zana a taswira, mai nisan mil ɗari daga tsakiyar birnin Sakkwato. Abin da ke cikin da'irar na Ingila ne, na waje kuma na Faransa. Waɗanda suka zana ta ba su san inda rijiyoyi suke ba. Ƙasa mai ruwa da hatsi ta faɗa cikin da'irar, aka bar wa Faransa busasshen fili.

Faransa tana son isa tafkin Chadi ta fuska uku: ayarin Foureau da Lamy daga Aljeriya, na Gentil daga Kwango, sai na uku daga yamma a ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Kyaftin Julien Chanoine, ɗan wani janar da ya riƙe ministan yaƙi a 1898. Wannan ayari na uku ya ƙunshi Turawa kaɗan, da ɗaruruwan sojoji 'yan Afirka, da tarin 'yan dako da matan da aka kamo a hanya. Ba a ba shi guzurin da zai ishe shi ba, don haka ya rayu da ganima. A Janairun 1899 ya kashe fiye da mutum ɗari a Sansanne Hausa. Da ƙishirwa ta matsa, Voulet ya yi watsi da da'irar ya kutsa cikin yankin da takarda ta ce na Ingila ne. Hanyar da ta kai shi Lugu ke nan.

Ranar 16 ga Afrilu

Garuruwa da yawa sun watse kafin ayarin ya iso, wasu kuma sun miƙa wuya. Lugu ta tsaya. Laftanar Paul Joalland, wanda ke cikin ayarin kuma ya wallafa littafin abin da ya gani a 1930, ya ruwaito cewa wata tsohuwa matsafiya ta aiko musu da saƙon cin mutunci. Da asubahin 16 ga Afrilu 1899 aka kara. Maharban Lugu da na Tongana sun tari sojojin a fili, da igwa ta tarwatsa sahunsu sai suka ja cikin wani kurmi mai sarƙaƙiya inda aka riga aka ɓoye mata da yara. Daga can suka ci gaba da harbi da kibau har rana ta take tsaka. Faransawa sun ƙirga mutum huɗu da aka kashe musu, shida sun ji rauni, sun kuma ƙona harsashi kusan 7,000. Sun ci garin, amma ba su kama Sarauniya ba.

Kusan iyakar abin da takardun Faransa suka faɗa a kanta ke nan, 'yan layuka. Abin da ya biyo baya ne ya ɗaukaka sunanta. A watan Mayu ayarin ya yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Labarin ta'asar ya isa Paris ta wasiƙar Laftanar Péteau, wani hafsa da Voulet ya kora, aka aiko Laftanar Kanar Klobb ya karɓe ragamar. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Klobb. Ranar 16 sojojin suka yi bore suka kashe Chanoine, washegari suka kashe Voulet, a wajen Maijirgi. Wata uku ke nan bayan Lugu. Ga wanda ya ga sojojin da ba wanda ya iya tarewa sun juya suna cin kansu, ba abin mamaki ba ne ya ce bakin Sarauniya ne ya kama su. Masanin tarihi zai kawo yunwa da gajiya da tsoron hukunci da zaluncin da ya ishi sojojin kansu. Mutanen Arewa sun riga sun yanke nasu hukuncin tun kafin a buɗe ma'ajiyar takardu.

Sarautar da ta girmi Mangu

A Lugu, Sarauniya sunan muƙami ne, Mangu kuwa ɗaya ce cikin jerin matan da suka riƙe shi, kuma an ci gaba da naɗa wasu bayanta har zuwa zamaninmu. Mutanen garin Azna ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin kakanni, kamar Maguzawan ƙasar Kano da Katsina. Labarinsu na baka ya ce Sarauniya ta fari daga Daura ta taso, wani dutse mai suna Tunguma yana yi mata jagora har ya tsaya a Lugu. Dutsen nan shi ake kai wa ƙara da tambaya. Duk wanda ya san labarin Daurama da sarakuna matan Daura zai gane inda wannan da'awa ta dosa: neman tushe a gidan da mata suka taɓa mulki.

Idan Sarauniya ta rasu, ana ɗaukar gawarta a zaga da ita, wadda gawar ta nufa ita ce magajiya. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. Wadda aka zaɓa takan bar rayuwarta ta da, ta tare a ɗakin sarauta, ta sa fararen tufafi, ta yawaita kaɗin auduga, ba ta cika barin gari ba. Aikinta roƙon damina da lafiyar ƙasa da sasanta mutane da iskokinta. Bisa wannan, ƙarfin Mangu a idon mutanenta yana cikin bakinta da tsafinta da tsayuwarta ta ƙin barin ƙasar da aka damƙa mata. Masu baka da kwari su suka yi harbin.

A nan harshe yana da muhimmanci. Kalma guda ta Faransanci da hafsoshin suka laƙaba mata ta haɗe abubuwan da Bahaushe ya rarrabe. Mayya daban, ita ce ake zargi da kama kurwa, kuma zargi ne mai raba mutum da dangi. Bokanya daban, mai magani ce. 'Yar bori daban. Matsafiya mai kula da wurin tsafin gari ita ma daban. Mangu tana cikin rukuni na ƙarshe, da sarauta a kanta. Duk mai fassara labarinta ya kira ta mayya ya ari bakin Joalland ya ci masa albasa.

Jarumar da Mamani ya ƙera

Har zuwa shekarun 1970, sunan Mangu bai yi nisa da ƙasar Arewa ba. Wanda ya fito da shi duniya shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya yi gudun hijira a Aljeriya, ya kuma sha ɗauri bayan ya dawo gida. A 1980 ya wallafa ƙagaggen labari da Faransanci mai suna *Sarraounia*. A ciki ya yi mata duk abin da marubutan labarin zane ke yi wa jarumansu. Ya ba ta maraici: uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Ya ba ta malami, wani tsoho mai suna Dawa, da ya raine ta da nonon goɗiya ya koya mata sirrin itatuwa da harbin baka. Ya ba ta alama, damisa. Ya mai da tsohuwar nan budurwa mai jagorantar mayaƙa da kanta, wadda ta ƙi sunkuya wa Sakkwato ta kuma ƙi sunkuya wa Nasara.

Daraktan fim ɗan Muritaniya Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Daga nan siffar Mamani ta rinjayi ta Lugu. Ta shiga littattafan yara masu zane, ta zama sunan gidan rediyo da talabijin a Yamai, gwamnatin sojan da ta hau mulki a Yulin 2023 kuma ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho sun bi diddigin wannan tafiya, sun nuna irin tazarar da ke tsakanin abin da dattawan Lugu ke faɗa da abin da littafin ya shimfiɗa.

Ban ga laifin Mamani ba. Mutum ne da ya yi gwagwarmaya da mulkin mallaka, ya nemi wanda zai nuna wa matasan ƙasarsa cewa ba kowa ne ya durƙusa ba, ya samu mace a wani ƙaramin gari da manyan sarakuna ba su ɗauke shi bakin komai ba. Amma kowane ƙari yana da abin da yake turewa. Da aka ba ta takobi da ƙuruciya, an ture tsohuwar da ke kaɗi a ɗaki, an ture tarkama da Tunguma, an ture maharban da suka mutu a kurmi ba a san sunayensu ba. Jaruma ɗaya tilo ta fi sauƙin zanawa a bangon littafi fiye da al'umma.

Rabonmu a wannan gefen

Mu 'yan Nijeriya muna da namu dalilin yin shiru a kanta, kuma gara a faɗe shi. Na farko, littafin da fim ɗin ba da Hausa ko Ingilishi aka yi su ba, kuma manhajar makarantunmu tana tsayawa inda taswirar 1898 da gyare-gyarenta na 1904 da 1906 suka tsaya. Ɗalibi a Kangiwa, wanda shi ma Ba'are ne kamar mutanen Dogon Dutsi, zai iya gama sakandare bai ji sunan Lugu ba. Na biyu, Mangu ba Musulma ba ce, kuma tarihin da muka gada daga malaman Daular Usmaniyya bai tanadi wurin yabo ga irinta ba. Sai dai ba sai mutum ya yi imani da Tunguma ba kafin ya yarda cewa ranar 16 ga Afrilu 1899 mutanen Lugu suna kan gaskiya, Voulet yana kan zalunci. Makonni kaɗan bayan haka ayarin nan bai tambayi mutanen Ƙonni addininsu ba kafin ya karkashe su. Shekara huɗu bayan nan, a Maris 1903, Sakkwato kanta ta faɗa hannun wasu Turawan.

Akwai kuma abin lura a lissafin taswira. Lokacin da aka yi yaƙin, Lugu tana cikin da'irar mil ɗarin nan. Da ba a sake jan layin ba don a ba Faransa hanya mai rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram, da mai yiwuwa yau muna kiran Mangu 'yar Jihar Kebbi ko Sakkwato.

Wannan na faɗa wa 'yar yayata, a taƙaice. Ta saurara, sannan ta tambaye ni wacce za ta zana, budurwar mai damisa ko tsohuwar mai mazari. Na ce hannunta ne, amma in ta zaɓi damisar ta rubuta a shafin farko cewa aron Mamani ce. Ranar da zan taso ta nuna mini shafi guda da ta yi da fensir: wata tsohuwa a zaune bakin ɗaki, zare yana sauka daga hannunta, can bayanta ƙurar sojoji ta taso. Ta ce ba ta gama ba, tana son sanin irin itatuwan da ke cikin kurmin. Na yi mata alkawarin zan tambayi wani abokina ɗan Dogon Dutsi da muke haɗuwa a kasuwar Kamba.