Ma'aunin Tasirin Mai Bincike a Tiyatar Sankarar Hanji: Nazarin Gudummawar Bill Heald

Jami'o'i sun saba auna mai bincike da yawan maƙalunsa da yawan waɗanda suka kafa hujja da su. Wannan maƙala na da'awar cewa a fagen tiyata ma'aunin bai wadatar ba, domin aikin likitan fiɗa ba ya tabbata sai an ga sakamakonsa ya maimaitu a hannun wasu. Misalin da za a duba shi ne Richard John Heald, wanda aka fi sani da Bill Heald, wanda ya yi aikin likitan fiɗa a wani asibitin gunduma da ke Basingstoke a Ingila.

Kafin shekarun 1980, babbar matsalar tiyatar sankarar ƙarshen hanji ita ce dawowar cutar cikin ƙugu bayan an yi aiki, kuma dawowa ce mai azaba wadda da wuya ta warku. A 1982 Heald da abokan aikinsa, Husband da Ryall, suka wallafa wata gajerar maƙala a British Journal of Surgery. Sun nuna cewa ƙwayoyin cutar kan ɓuya cikin kitsen da ya naɗe ƙarshen hanji, inda kaluluwa da jijiyoyin jini suke, har su gangara ƙasa da inda ƙarin yake. Saboda haka suka ce a cire hanjin tare da kitsen baki ɗaya, ana yanka ana kallo, ana bin shimfiɗar da ta raba shi da sauran sassan ƙugu, ba tare da an huda fatar da ta lulluɓe shi ba. Wannan hanya ita ake kira TME. A 1986 mujallar Lancet ta buga sakamakon majinyata 115 na Basingstoke, inda dawowar cutar a gurbinta cikin shekara biyar ta tsaya a kashi 3.7 cikin ɗari. A shekarar ce kuma Philip Quirke na Leeds ya nuna ta binciken naman da aka cire cewa cutar ta fi dawowa idan an bar ɓurɓushinta a gefen yanka, abin da ya bayyana dalilin nasarar.

An yi suka, kuma sukar ba ta banza ba ce. Alƙaluman daga asibiti ɗaya suke, daga hannun mutum ɗaya, ba a kuma raba majinyata ta hanyar ƙuri'a don kwatanta sabuwar hanya da tsohuwa ba. Mai yiwuwa ne a ce an zaɓi masu sauƙin ciwo, ko kuwa baiwar Heald ce kawai wadda ba ta koyuwa. Zargi na farko ya samu amsa a 1993, lokacin da John MacFarlane daga Kanada ya bi bayanan Basingstoke da kansa, ya ware majinyata masu haɗari, ya tarar dawowar cutar kashi 5 ce cikin ɗari. Zargi na biyu shi ya fi nauyi, kuma ba a kan takarda aka warware shi ba. Daga 1994 aka fara tarukan horo a Stockholm, inda likitocin birnin suka riƙa kallon Heald yana aikin. Rahoton Martling da abokansa a Lancet a 2000 ya nuna dawowar cutar cikin shekara biyu ta sauka daga kashi 14 zuwa 15 ta koma kashi 6, majinyatan da ake rufe wa dubura a bar su da jakar bayan gida a ciki kuma suka ragu da fiye da rabi. Norway da Holand ma sun horar da likitocinsu a matakin ƙasa.

Akwai wanda zai ce gashin sankara da na'ura shi ya kawo sauƙin. Wani gwaji da aka yi a Holand aka wallafa a 2001, mai majinyata 1,861, ya raba gardamar: da TME kaɗai cutar ta dawo wa kashi 8.2 cikin shekara biyu, da aka haɗa da gashi kafin aiki sai ta koma 2.4. Gashi na da amfani ke nan, amma a kan tiyatar da ta riga ta rage matsalar ya yi aikinsa. Gaskiya ne kuma wasu, irin su Warren Enker a Amurka, sun bi hanya makusanciya. Abin da ya bambanta Heald shi ne ya mayar da ita darasin da ake koyarwa, ake kuma iya tantance ingancinsa ta duba naman da aka cire.

Don haka kwamitocin ƙarin girma a tsangayoyin likitanci ya kamata su nemi shaidar horarwa da sakamakon majinyatan waɗanda aka horar, su ba ta nauyi daidai da na jerin maƙalu.