Wuƙar Aljihu: Daga El Baraka ta Kaka Zuwa Mai Buɗewa da Hannu Ɗaya

Yau zan ɗan ɗauke mu zuwa tarihin wani ƙaramin abu da kusan kowane ɗan kasuwa ke yawo da shi a aljihu, wato wuƙa mai naɗewa. Abin da ya jawo maganar kuwa wata 'yar taƙaddama ce da muka yi da Baba a rumfarmu ta Tudun Hatsi, a nan Gombe.

Bari in fara daga tushe. Asalin wuƙarmu ta ƙasar Hausa ba ta naɗewa. Maƙeri ya ƙera ruwanta, a sa mata ƙota, badukku ya ɗinka mata kube. Wuƙar da ake naɗewa a jefa aljihu baƙuwa ce kamar mu, fatauci ne ya kawo ta.

Kakanmu ya taso daga wajen Maradi a lokacin da Gombe ke tashen auduga. An kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa kuma ya iso garin a 1963, sai mutane suka yi ta kwarara daga Kano da Katsina da Jamhuriyar Nijar. Cikin ɗan kayan da ya zo da su akwai wata siririyar wuƙa mai ƙotar ƙarfe, an rubuta El Baraka a jikinta. Sai da na girma na gane labarinta. Kamfanin Cognet ne da ke garin Thiers a Faransa ya fara ƙera irinta a 1929 da sunan Douk-Douk, da nufin sayar wa mutanen tsibiran Melanesiya. Can ba ta yi kasuwa ba, sai aka juyo da ita Afirka. Amma ta farkon tana ɗauke da hoton wani dodo na al'adar mutanen can, abin da Musulmi ba za su so a aljihunsu ba. Shi ne aka fito da El Baraka, aka zana mata tambarin nan na Agadas a maimakon dodon. Ka ji 'yan kasuwa!

Ƙirarta ba wuya: falle ɗaya na ƙarfe aka lanƙwasa ya zama ƙota, sai ruwan wuƙar, sai wani ƙaƙƙarfan sifirin a baya wanda ke danne gindin ruwan. Ba ta da makulli, ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe ta. Saboda haka dole ka sa hannu biyu, ɗaya ya riƙe ƙota, ɗaya ya jawo ruwan.

Shi kuma Baba, Okapi ce tasa. An fara yin ta a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, aka raɗa mata sunan wata dabbar dajin Kwango da Turawa ba su daɗe da saninta ba a lokacin. A 1988 aikin ƙera ta ya koma Afirka ta Kudu. Ita sifirin ɗinta a waje yake, a bayan ƙotar katako, da zobe a maƙale. Gindin ruwan yana da haƙora, shi ya sa in ana buɗe ta kake jin ƙaras-ƙaras, har ta kai ƙarshe ta kulle. Ba za ta rufe ba sai ka ja zoben nan ya ɗaga sifirin. Wannan ci gaba ne babba, domin ba za ta naɗe ta datse maka yatsu kana tsakiyar aiki ba.

To amma ga matsalar. Duk wanda ya taɓa aikin hatsi ya san hannu ɗaya ba naka ba ne. Ka tattare bakin buhun masara da hagu, ka ɗinke da basilla, saura yanke igiya. In ka saki bakin buhun don ka buɗe wuƙa, ɗinkin ya sassauta. Shi ya sa wasu ke yanka da haƙori, wasu kuma su ajiye wuƙar a buɗe a kan buhu, har yaro ya zo ya taka.

Ashe Turawa ma sun daɗe suna fama da wannan. Hanyarsu ta farko ita ce wuƙa mai maɓalli: ka danna, sifirin ya harbo ruwan waje. Sai dai 'yan daba suka rungume ta, har Amurka ta yi dokar hana fataucinta tsakanin jihohi a 1958, Ingila ma ta hana sayar da ita a 1959. Daga nan maƙera suka shiga neman wata dabara da ba maɓalli. A 1981 wani mutum mai suna Sal Glesser, mai kamfanin Spyderco, ya fito da wuƙar da ya kira Worker. Rami kawai ya huda a saman ruwan, ka sa babban yatsa ka tura, ta buɗe. Ya kuma sa mata maƙali don ta tsaya a bakin aljihu. Wasu suka sa ɗan ƙusa a maimakon ramin. A daidai wannan zamani Michael Walker ya gyara makullin nan na ciki, wani siririn ƙarfe da ke tsallakowa ya tokare gindin ruwan. Ka ture shi gefe da yatsa, ka rufe da hannun da ka buɗe. A 1998 Ken Onion ya yi wa kamfanin Kershaw wata da kai za ka fara turawa, sifirin ya ƙarasa. Sai kuma mai ɗan kunne a baya, wadda ake ja da manuniya.

Irin mai ramin nan na gani wajen wani mai kayan koli, ƙirar Sin, na saya da murnata. Na kai rumfa na nuna wa Baba yadda nake buɗe ta kafin ƙiftawar ido. Ya karɓa, ya juya ta, ya gwada kaifin a farce, ya ce, "Ta yi kyau. Amma ba za ka fita da ita daga rumfar nan ba."

Na ce, "Baba, ai don aiki na saya."

Ya ce, "Na sani, ɗan nan. Wanda zai tare ka a hanya ne bai sani ba."

Ranar na ji haushi, amma daga baya na gane. Ina ƙarami lokacin da 'yan Kalare suka addabi garin nan, musamman wajen zaɓukan 2003 da 2007, amma mutanen Gombe ba su manta ba. Tun daga nan saurayi da wuƙa a aljihu abin tuhuma ne. Ita kanta wuƙar Kaka ta taɓa shiga irin wannan hali: lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, Faransawa sun hana kai ta can saboda an mayar da ita makami. Saurin buɗewar da ke taimakon mai ɗinkin buhu, shi ne dai ke tsorata mutumin da bai san ka ba. Mu kuma da kakanninmu suka zo cin arziki, laifin yaro ɗaya sunan jama'a guda yake ɓatawa. Ba za a ce wane ba, za a ce 'ya'yan baƙin nan.

Yanzu dai wuƙaƙe uku ne a gidanmu. Ta Kaka na cikin akwatin Inna, ta siranta saboda wasi. Okapi na aljihun Baba, furfurarsa ta ishe shi shaida. Tawa kuwa na ɗaure ta da igiya a jikin sikeli, nan take kwana, kuma wallahi tana aiki: tunda ta zo ban sake sa haƙori a igiyar buhu ba.

'Yan uwa matasa, in aikinku na buƙatar wuƙa, ku nemi mai makulli, ku riƙa goge ta da ɗan mai don kada ta yi tsatsa, ku bar ta inda aikin yake. Wanda kuma ke da tsohuwar wuƙar mahaifinsa, ya duba rubutun jikinta, wataƙila ta faɗa masa hanyar da gidansu ya biyo.

Allah Ya sa mu dace, Ya zaunar da garinmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.