Yadda Ruwa Ya Shiga Cikin Kwamfuta, Da Wahalar Fitar Da Shi

Mu masu gyaran waya, abu na farko da oga yake koya mana shi ne ruwa abokin gaba ne. Waya ta faɗa bokiti, ka cire batir, ka wanke fanel, sauran kuma sai addu'a. To makon jiya wani yaro mai buga gem ya kawo min kwamfutar tebur da ya saya ta hannu, irin mai gilashi a gefe, cikinta duk tiyo ne da ruwa mai launi yana zagayawa. Ruwan ya yi duhu, yana so a canza. Na juya ta ta ko'ina, babu ƙofar da aka tanadar wa ruwan ya fita. Wanda ya haɗa ta ya yi tunanin zubawa, bai yi tunanin tsiyayewa ba. Abin da ya sa na bi tarihin lamarin ke nan, sai na tarar ba shi ya fara wannan mantuwar ba.

Sanyaya kwamfuta da ruwa ba sabon yayi ba ne. Tun shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka ya sa ruwa a babbar kwamfutarsa System/360 Model 91, wadda hukumar NASA ta karɓi ta farko a 1967. Dalilin ba ado ba ne. Idan ka ɗebi ruwa cikin kofi da iska cikin kofi, zafin da ruwan zai ɗauke ya ninka na iskar sama da sau 3,000. A 1980 suka fito da 3081, ita ma ruwa ke bi ta saman sassanta. Seymour Cray kuwa a 1985 tsoma Cray-2 ya yi gaba ɗayanta cikin wani sinadari mai suna Fluorinert wanda ba ya ɗaukar lantarki. Amma waɗannan injina ne masu cika ɗaki, da bututu da famfo kamar na gini, da ma'aikatan da aikinsu ke nan kula da ruwan. Fitar da shi bai taɓa zama ciwon kan mutum ɗaya ba. A shekarun 1990 da aka koma fasahar CMOS mai ƙarancin zafi, IBM ya koma wa fanka, ruwa ya kwanta.

Waɗanda suka tashe shi ba injiniyoyin kamfani ba ne, matasa ne masu tilasta wa furosesa gudu fiye da yadda aka ƙera ta. A 1998 akwai Celeron 300A ta Intel da ake ɗagawa daga 300 zuwa 450 MHz, kuma duk wanda ya ɗanɗana wannan sai ya nemi ƙari. Ƙarin gudu ƙarin zafi. Babu shagon da ke sayar da kayan, don haka sai su je wajen 'yan gwangwan su ciro ƙaramin lagireton hitar mota, su sayi famfon tankin kifin ado irin na Eheim, su huda dunƙulen tagulla su ɗora a kan furosesa. Wallahi da na ga hotunan sai na tuna da makanikan unguwarmu. Tsiyaye ruwa a wajensu mai sauƙi ne: ka zare tiyo ka kai bakinsa bokiti.

Su ne suka fara koyon darussa biyu da jikinsu. Na ɗaya, ruwan da ya daɗe yana zagayawa da ɗumi yakan yi gansakuka. Na biyu ya fi muni: in ka haɗa tagulla da alminiyom a ruwa ɗaya, sun zama kamar ɗan batir, alminiyom ɗin ne zai riƙa cinyewa, dattinsa ya toshe hanyoyi. Wato ruwan yana tsufa, dole wata rana ya fito.

Kamfanin da ya fi shan tsiyar wannan a bainar jama'a shi ne Apple. A watan Yuni 2004 ya fito da Power Mac G5 mai furosesa biyu masu gudun 2.5 GHz, da ruwa a ciki tun daga masana'anta. A rufe yake ruf, mai ita ba shi da hanyar dubawa balle canzawa, wasu ma ba su san akwai ruwa a ciki ba. Bayan 'yan shekaru zoben robar da ke riƙe ruwan ya fara saki a wasunsu, ruwa ya riƙa ɗiga, kuma akwatin rarraba wuta a ƙasa yake, daidai inda ɗigon ke sauka. Mutum yana cikin aiki inji mai tsada ya mutu.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Akwai rufaffen tsari, irin Corsair H50 na 2009 da kamfanin Asetek na Denmak ya ƙera, wanda ba a buɗewa, in ya gaji a cire a sa sabo. Ɗan siririn bututun tagullar da muke gani a cikin waya irin Galaxy S7 ta 2016 shi ma rufaffe ne, ɗigon ruwa ne a ciki, don Allah a daina lanƙwasa shi wajen ɓalle fanel. Sai kuma tsarin haɗa-da-kanka, inda kamfanoni irin EK na Sulobeniya, wanda ya fara a 2003, suka mayar da shi sana'a. Kusan duk mahaɗan tiyonsu awo ɗaya ne, G1/4, zaren bututun famfo na Ingila da ya samo asali daga tsarin Joseph Whitworth na 1841. Kun ji, kwamfutar gem da zaren zamanin jirgin ƙasa mai gawayi. Da aka shiga yayin bututu mai tauri wanda ba ya lanƙwasuwa zuwa bokiti, sai bawul ɗin tsiyaya ya zama dole: ɗan kan famfo a wuri mafi ƙasa na zagayen.

Ta yaron nan ba ta da shi, sa'ar dai tiyonta mai laushi ne. Na zare wuta, na lulluɓe madabod da leda da tsumma, na jawo ta bakin tebur yadda mahaɗi mafi ƙasa zai leƙo kan roba. Na matse tiyon, na kwance, na saki. Ruwa ya ɗan zubo ya tsaya, sai da na buɗe murfin tanki na sama iska ta shiga sannan ya zubo sosai. Sauran yana maƙale a lagireto, sai na yi ta karkata ta gaba da baya kusan minti 20. Kar ka hura da baki, yawancin ruwan nan akwai gilaikol a ciki, wani nau'insa guba ne, kuma kar a zubar inda kaji ko akuya za su sha.

Abin da ya fito toka-toka ne da gari-gari. Na duba, lagireton alminiyom ne, abin kan furosesa kuma tagulla. Kuskuren 1990 da wani abu, a injin bana. Na faɗa masa gaskiya sai ya sayi lagireton tagulla, ya ɓata rai amma ya saya. Na ɗauraye zagayen sau uku da tataccen ruwa. A kula a nan: in za ka sayi ruwan batir, ka tabbata tataccen ne zalla, ba mai asid ba, don sau da yawa a shago ɗaya ake sayar da su.

Na saka mahaɗi mai baki uku da bawul a ƙasan famfo, na cika tanki, don famfon ba ya son juyawa a bushe. Sai na cire duk wayoyin wuta daga madabod, na haɗa koriyar waya da baƙa a filogin nan mai ƙafa 24 domin famfo kaɗai ya tashi, na shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi. Wuta ta ɗauke sau biyu, don haka gwajin yini ɗaya ya ci kwana biyu. Tishu bai jiƙe ba. Na rubuta kwanan wata a takarda na manna a cikin murfin, na ce ya dawo da ita kafin shekara ta zagayo.